Greenbrier: otal ɗin golf da ya zama asibitin soja mai gado 2,000, da abin da baƙo zai tarar a can yau

Abu biyu ne ke kai yawancin mutane otal ɗin Greenbrier da ke garin White Sulphur Springs a jihar West Virginia ta Amurka: wasan golf, da maɓoyar ƙarƙashin ƙasa da aka gina wa 'yan majalisar dokokin ƙasar a asirce zamanin yaƙin cacar baka. Su ne kuma otal ɗin ya fi tallatawa. Sai dai aiki mafi nauyi da ginin ya taɓa yi yana can baya, ba a cika ɗaga shi ba. Daga 1942 zuwa 1946 wurin asibitin soja ne mai suna Ashford, mai gado 2,000, inda aka yi jinyar sojoji 24,148. Ita kuwa maɓoyar da ake ta layi a kanta, ba a taɓa amfani da ita don abin da aka gina ta ba. Ra'ayinmu shi ne ziyarar tana biyan kuɗin sabulu, amma ga wanda ya je da sanin labarin asibitin tun daga gida, don fenti da labule sun rufe kusan duk alamunsa.

Isa wurin ba wuya. Daga Washington tafiyar kusan kilomita 400 ce, wajen awa huɗu a mota, ƙarshenta a kan babbar hanya mai lamba 64. Akwai ƙaramin filin jirgin sama a Lewisburg, tafiyar minti 20 ko ƙasa da haka. Jirgin ƙasa na Amtrak da ake kira Cardinal, mai zirga-zirga tsakanin New York da Chicago, yana tsayawa a tashar da ke daura da ƙofar otal ɗin, tsallaka titi kawai za ka yi. Matsalarsa sau uku kacal yake wucewa a mako, kuma layi ɗaya yake bi da jiragen dakon kaya, don haka jinkiri ba baƙon abu ba ne. Kada ka sayi tikitin zagayen maɓoya na ranar da jirgin zai sauke ka. Sa shi washegari.

Wannan tasha ita ce farkon abin da ya kamata baƙo ya tsaya ya duba, domin tana cikin abubuwan da suka jawo wa otal ɗin zama asibiti. Kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ne ya sayi wurin a 1910, ya gina babban otal ɗin a 1913, kuma layin dogonsa ya miƙe daga nan har Newport News a bakin teku, ɗaya daga cikin manyan tashoshin da sojojin Amurka suka riƙa fita da shigowa ta cikinsu a yaƙin duniya na biyu. Sojan da aka harba a Arewacin Afirka ko Italiya yakan bi matakai: wurin agajin farko a bayan fagen daga, asibitin tafi-da-gidanka, babban asibiti a ƙetare, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa mai gadaje. Asibitin da taragon zai tsaya a bakin ƙofarsa ya rage wa majinyaci wahalar mota a kan hanyoyin duwatsu.

Kafin sojoji su karɓe shi ma gwamnati ta riga ta ɗanɗana amfaninsa. Bayan harin Pearl Harbor a Disamban 1941, nan aka tsare jami'an diflomasiyyar Jamus da Italiya da Japan tare da iyalansu, kusan mutum 1,700, har zuwa Yulin 1942 da aka gama musayarsu da Amurkawan da ke hannun waɗancan ƙasashe. A watan Satumba na shekarar rundunar soja ta saye wurin dungurungum a kan dala miliyan 3.3, kuɗin da ko a lokacin ana ganin bai kai darajarsa ba. Aka raɗa masa sunan Bailey K. Ashford, likitan soja da ya gano cewa tsutsar ciki mai shan jini ce ke haddasa ƙarancin jinin da ya addabi manoman Puerto Rico.

Me ya sa soja ke son otal ko kulob ɗin wasanni maimakon gina sabon asibiti? Lokaci ne. Irin wannan wuri yana da abin da ya fi ɗaukar watanni a gini: kicin mai ciyar da ɗaruruwa sau uku a rana, gidan wanki, tukunyar ɗumama ɗakuna, wuta, magudanar bahaya, da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa. Haka aka yi da otal ɗin Breakers a Palm Beach da Biltmore a Coral Gables, duka a Florida. A yaƙin duniya na ɗaya kuma, ginin 'yan wasa na filin kurket na Trent Bridge a Nottingham ta Ingila ya karɓi majinyata fiye da 3,500. In ana son ganin abin da ke faruwa idan ruwan ya gaza, a duba Bloemfontein a 1900, lokacin yaƙin Ingila da Buwa, wato fararen fata manoma da yawancin kakanninsu suka fito daga Holand, a Afirka ta Kudu. An kafa asibitin Langman a ginin kulob ɗin wasanni na Ramblers, fili ga shi, rufi ga shi, amma tun ranar 31 ga Maris dakarun Buwa ƙarƙashin Christiaan de Wet sun riga sun ƙwace matatar ruwan garin a Sanna's Post. Mutane suka koma tsofaffin rijiyoyi, zazzaɓin taifot ya ƙara ƙamari, gadaje suka kasa. Greenbrier tun asali ruwa ne ya kafa shi, mutane na zuwa wanka a maɓuɓɓugarsa mai farar wuta tun 1778.

Abin da otal ba shi da shi kuma a bayyane yake. An tsara ƙofofinsa don mutum mai tafiya da ƙafarsa da ɗan akwati, ba don gado mai taya ba. Kafet da labule masu kauri matattarar ƙura ce, dole a kwashe. Ƙananan ɗakuna masu yawa sun fi wahalar sa ido a kan dogon zaure guda da nas ɗaya za ta iya gani daga farko zuwa ƙarshe, saboda haka ana buƙatar ƙarin ma'aikata. Ɗakin tiyata, ɗakin hoton ƙashi, da ɗakin gwaje-gwaje duk sai an ƙirƙiro su. Ƙarancin hannu kuwa an rage shi da fursunonin yaƙi da aka ajiye a wani sansani kusa, Italiyawa da farko, daga baya Jamusawa, suna aikin kicin da wanki da gyaran fili.

Inda Ashford ya yi fice shi ne tiyatar jijiyoyin jini da ta jijiyoyin motsi da ji. Yana cikin cibiyoyi uku da rundunar ta ware a faɗin ƙasar don raunin jijiyar jini, kuma Daniel Elkin na jami'ar Emory ne ya jagoranci aikin a nan. Yana da kyau a fahimci irin raunin, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa sojoji suka riƙa shafe watanni a wurin.

A cinya ko hannu, jijiyar da ke kai jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan ɗan tsinken bam ya ratsa tsakaninsu ya huda duka biyun, fata na iya warkewa sumul, amma a ciki jini ya sami gajeriyar hanya: yana tsallakawa daga mai kaiwa zuwa mai mayarwa ba tare da ya isa ƙafa ba. Likita in ya ɗora tafin hannu a wurin zai ji yana kakkarwa ba tsayawa, in ya sa abin sauraro zai ji gurnani. Jijiyoyin fata su kumbura, zuciya ta riƙa aikin banza har ta kumbura. Akwai gwaji mai sauƙi: a danne wurin da yatsa, nan take bugun zuciya ya ragu. A wancan zamani ɗinke jijiya ko yi mata ƙari bai zama ruwan dare ba, don haka hanyar da aka fi bi ita ce haƙuri. A jira wata uku ko fiye, har ƙananan jijiyoyin gefe su buɗe su ɗauki nauyin kai jini. Sannan a buɗe, a ɗaure bakin jijiyoyin guda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, a yanke tsakiyar a cire. Kuskuren da ke cin ƙafa shi ne ɗaure mai kaiwa daga sama kaɗai: ɗan jinin da ke zagayowa ta gefe sai ya sake zurarewa ta ramin, ƙafa ta bushe ta mutu. Gaggawa ma haka. Michael DeBakey da Fiorindo Simeone sun bi diddigin sabbin raunukan jijiya 2,471 na yaƙin, suka tarar kusan rabin waɗanda aka ɗaure wa jijiya a fagen daga sun rasa gaɓar, a bayan gwiwa kuwa abin ya haura kashi 70 cikin 100.

Jijiyar motsi ita ma ba ta san sauri ba. Bayan an ɗinke ta, tana tohowa ne kusan milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. Wanda aka yanke wa ita a dantse zai yi watanni kafin yatsunsa su amsa, kuma in aka bar naman ya kwanta a wannan tsakani, ya shanye, gaɓoɓi su ƙage. A nan ne kayan wasan otal ɗin suka zama magani. Tafkin ninƙaya na cikin gini, wanda aka yi tun 1912, yana ɗauke wa jiki nauyi har mai raunin ƙafa ya iya motsa ta. Ɗakunan wankan ruwan ɗumi sun koma wurin gasa jiki. Filayen golf da na tanis sun ba masu samun sauƙi dalilin tafiya mai nisa da riƙe abu da hannu ba tare da sun ji kamar aikin likita suke yi ba. Manya ma sun kwanta a nan: Janar Eisenhower ya yi jinyar ciwon ƙirji a ƙarshen 1945, Janar Jonathan Wainwright kuma ya zo murmurewa bayan fitowarsa daga hannun Japan.

To me ya rage na wannan duka? Kaɗan, kuma da gangan ne. Da aka rufe asibitin a 1946 kamfanin jirgin ƙasa ya sake sayen wurin, ya ɗauko mai ƙawata gidaje Dorothy Draper daga New York don ta goge kamannin asibiti. Ta kuwa goge. Da aka sake buɗewa a 1948, bango ya koma kore da ruwan hoda, labule da kujeru sun cika da zanen manyan furanni, daɓen zaure ya zama baƙi da fari kamar allon dara. Har yau wannan salo ake bi. Wasu na ganin ya yi kyau, wasu na ganin ya cika ido, mu muna ganin a manyan zauruka ya zauna daram, a ƙananan ɗakunan kwana kuma ya yi yawa. Ko ma dai yaya ne, ba za ka shiga wani ɗaki ka ce nan ne aka yi tiyata ba sai an nuna maka.

Don haka ga yadda za a ci moriyar wannan ɓangare. A fara da tafkin cikin gini, shi ne wurin da ya fi kusa da yadda sojojin suka san shi. A bi dogayen barandun da aka jera tsofaffin hotuna, a nemi na shekarun 1940. A je ƙaramin gidan tarihi da ke cikin gidan shugabannin ƙasa, ginin 1835 da ke kan tudu, inda aka tara tarihin wurin tun daga farkonsa. A gangara rumfar maɓuɓɓuga mai farin ginshiƙai da koren rufi, warin farar wuta zai sanar da kai ka iso. Otal ɗin na shirya wa masu kwana zagayen tarihi da ɗan rakiya, kuma a nan dabara ita ce tambaya. In ka yi shiru, hirar za ta karkata ga shugabanni da taurari da suka sauka a wurin. In ka ce a nuna maka inda majinyata suke cin abinci da inda aka mayar ɗakunan kwanciya, za ka ji abin da ba ya cikin takardar talla. A ganinmu asibitin da ya ɗauki mutum dubu 24 ya cancanci zagaye nasa na kansa, mai tikiti da lokaci, kamar yadda aka yi wa maɓoya.

Zagayen maɓoyar shi ne aka fi tsarawa, kuma ba sai kana kwana a otal ɗin ba. Yana ɗaukar wajen minti 90, ana kama wuri tun kafin ranar, ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara 10, kuɗin babba ya haura dala 40. Ana karɓe waya da kyamara da jaka a ajiye kafin a shiga, saboda wani sashe na ginin yanzu ma'ajiyar bayanan kamfanoni ce. Tafiyar ƙafa ce a kan siminti, a sa takalmi mai taushi.

An fara aikin maɓoyar a ƙarshen shekarun 1950 zamanin mulkin Eisenhower, aka fake da gina sabon reshen otal a samanta, ta zama a shirye a 1962. Faɗinta murabba'in ƙafa 112,544. Abin da ya fi burgewa shi ne ƙofar ƙarfe mai nauyin tan 25 a bakin dogon rami, wadda aka daidaita a kan maƙalanta har mutum ɗaya na iya tura ta. Daga nan sai wurin wanke ƙurar nukiliya, inda za a tuɓe a yi wanka a ƙona tufafi. Akwai ɗakunan kwana 18 masu gadaje hawa biyu don mutum 1,100, tankunan ruwa uku masu cin galan 25,000 kowanne, tankunan man dizal uku masu galan 14,000, injinan wuta, da ƙaramin asibiti mai gado 12. Wayon da ya fi kowanne shi ne ɓoye abu a fili. Zaurukan da aka tanada don zaman Majalisar Wakilai da ta Dattawa, da babban zauren baje koli, duk a buɗe suke ga jama'a tsawon shekara 30, ana taruka a ciki, ba wanda ya lura cewa bayan wani bango mai ado akwai ƙofar ƙarfe. Masu kula da wurin kuwa sun fake da sunan wani kamfani, Forsythe Associates, a matsayin masu gyaran talabijin na otal.

Ɗan rakiya nagari ba ya ɓoye raunin shirin. An gina ta ne don kariya daga ƙurar nukiliya, ba don ta jure bam a kanta ba, saboda haka duk ƙarfinta a sirri yake. An kuma tsara ta a zamanin da ake tsammanin jiragen sama ne za su kawo hari, ana da awoyi na gargaɗi. Da makamai masu linzami suka zo, gargaɗin ya koma mintoci, Washington kuwa tana nesa da awa huɗu. Ranar 31 ga Mayun 1992 jaridar Washington Post ta buga rahoton Ted Gup da ya tona asirin, gwamnati ta janye, a 1995 aka fara shigar da masu yawon buɗe ido. Kayan ciki da yawa an kwashe, wasu ɗakunan an sake jera su ne don nuni. Wanda ke tsammanin tarar da komai yadda aka bar shi zai ɗan ji sanyin gwiwa.

Ga mai golf, filin Old White shi ne abin zuwa. Charles Blair Macdonald ya tsara shi, aka buɗe a 1914, ya kuma kwaikwayo wasu ramukansa daga shahararrun filayen Sikotilan: na 8 daga North Berwick, na 13 daga Prestwick, na 15 daga St Andrews. Rami na 8 shi ne mai koya hankali, domin dandalinsa ya karkata daga dama zuwa hagu yana gangarawa baya. Wanda ya auna tuta kai tsaye ƙwallonsa zai wuce ko ya faɗa yashi, sai dai a jefa ta dama a bar gangara ta kai ta. A wannan fili Stuart Appleby ya gama ramuka 18 da bugu 59 kacal a 2010, Bryson DeChambeau kuma da bugu 58 a 2023. Wani filin, mai sunan otal ɗin, shi ya karɓi gasar kofin Ryder ta 1979, karon farko da 'yan wasan sauran ƙasashen Turai suka shiga wannan gasa da a da Amurka ke karawa da Birtaniya da Ireland kaɗai. Ginin kulob ɗin cike yake da kayan tunawa da shahararren ɗan wasan golf Sam Snead, wanda ya fara aiki a nan a 1936, kuma ko ba ka wasa ya isa a zauna a sha wani abu ana kallon rami na 18. A lura da yanayi: rafin Howard ya ratsa filin, kuma ambaliyar Yunin 2016 ta lalata shi har aka soke gasar shekarar, otal ɗin ya buɗe ɗakunansa ga ɗaruruwan mutanen gari da suka rasa muhalli.

Batun kuɗi, wurin na masu hannu da shuni ne. Ɗaki ɗaruruwan daloli ne a dare, kuma farashin da ka gani da farko ba shi ne na ƙarshe ba: akwai kuɗin hidima na kullum da haraji a kai, golf da hawan doki da gasa jiki kowanne da nasa lissafin. A nemi jimillar a rubuce kafin a biya. Babban ɗakin cin abinci yana da dokar sutura da daddare, kwat ga maza, kuma wanda zai sa manyan kaya irin namu ya kira ya tambaya tun kafin ya iso. Shayin la'asar da ake bayarwa a zaure wajen ƙarfe 4 yana cikin kuɗin ɗaki. Musulmi ya sani cewa girkin wannan yanki yana yawan haɗawa da naman alade, har a cikin ganye da wake da abin karin kumallo, kuma ana sa giya a wasu miya. Kifi da kayan lambu sun fi sauƙin tantancewa, amma a tambayi yadda aka dafa. Akwai gidan caca a ƙarƙashin ginin tun 2010, sai dai a keɓe yake, ba ya kan hanyar mai zagayen tarihi.

Wanda tarihi ya kawo shi ba dole ne ya kwana a ciki ba. Lewisburg na da masaukai masu sauƙin kuɗi, daga can a zo zagayen maɓoya na safe, a ci abincin rana a otal ɗin, a yi amfani da sauran yinin wajen tafki da hotuna da maɓuɓɓuga. Abin da za a rasa shi ne zagayen tarihi na masu kwana, don haka a tambaya wajen kama tikiti ko baƙon yini na iya shiga, da kuma ranakun da gidan tarihin ke buɗewa, domin lokutansa na canzawa da yanayin shekara. Watan Oktoba ganyen duwatsun Allegheny ke sauya launi, lokacin ne kuma tikiti ke saurin ƙarewa, sai a kama wuri da makonni.